Allura a Ƙarƙashin Harshen Kasnadi

A ƙauyenmu, nan kudancin Jawa, ba a ce wa mutum a'a a fuskarsa. Kalma ɗaya gare mu, nggih, wato "to". Mutum ya ce maka nggih kansa a sunkuye, ya tafi ya yi abin da ya ga dama. Kai ma ka san haka, kuma ba wanda ya yi wa wani ƙarya. Da wannan kalmar muka zauna lafiya tun kakanni. Kasnadi ne ya lalata mana ita.

Tukwane yake sayarwa a kasuwa, kuma yana da in'ina. Kafin ya gama yabon tukunya, mai saye ya wuce. Matan kasuwa kan kira shi Kang, wato yaya, su ce, "Kang Kasnadi, fara gaisuwar yanzu, ma dawo da la'asar mu amsa." Yakan yi dariya tare da su. Amma idonsa na kan masu riƙe lasifika, waɗanda ake ɗauka su yi jawabi a gangamin zaɓe su koma gida a mota. Ya taɓa ce min, "Kang Poniman, du-duk arzikin ƙasar nan a baki yake." Na ce ya je ya gode wa Allah. Ya ce nggih.

Washegari da rana tsaka ya hau dutse wurin Mbah Jemirin, bokan da ke zaune a kogo. Shi da kansa ya ba ni labarin, bayan ba shi da sauran amfani. Ya ce cikin kogon sanyi kamar kabari. An shimfiɗa farin ƙyalle irin na likkafani a kan faffaɗan dutse, a kai furanni kala uku, kofin baƙin kofi da kaskon turare. A bango an rataye busassun harsunan kaji, jere a zare.

"Me ka zo nema?" in ji tsohon.

"Ba-baki, Mbah."

"Ga shi nan a fuskarka."

"Wa-wanda ake ji."

"Ji daban, bi daban. Wanne?"

"Bi."

Tsohon ya warware ganyen ayaba, ya fito da allurar zinariya siririya kamar gashi. "Wannan allurar, kalmar a'a take ci. Duk wanda ya ce maka nggih, ya ce ke nan, babu wata a'a ta ciki. Kuma abin da ka ɗaure da baki, bakinka ba zai kwance ba."

"Me za-zan biya?"

"Ajiye aljihunka. Ita za ta karɓi nata."

"Wurin wa?"

"Masu sauraronka."

Kasnadi ya tuno taron jama'a a filin ƙwallo, hankalinsa ya kwanta. Bai tuno waɗanda suka fi kowa jin muryarsa ba.

"Gidanku akwai zogale?" in ji Mbah Jemirin.

"A ko-kowane shinge."

"Ran da ka gaji, ka sha miyarsa. Allura ta narke, duk wanda ka ɗaure ya kwance, ka koma yadda ka zo. Ban taɓa ɓoye wa kowa maganin ba. Ban kuma ga wanda ya sha ba."

Ya yanka baƙar kaza, ya ɗiga masa jinin a harshe, ya ɗaga harshen da yatsa biyu, ya tura allurar. Ko zafi bai ji ba.

Jawabinsa na farko wani kamfanin farar ƙasa ya yi wa, masu son gonakinmu na gindin dutse. Ina wurin. Ba ihu ya yi ba. Muryarsa ƙasa-ƙasa, yana kiran kowa da sunansa, yana tuna masa wahalar da ubansa ya sha a kan rogo, har dattawa suka share ido. A ƙarshe ya ce, "Za mu sayar, ko ba haka ba?" Muka ce nggih, irin wadda muka saba, kowa da niyyar ya koma gonarsa da safe. Da safe na tsinci kaina a layi da takardar gonar ubana a hannu. Ina ganin hannuna yana dangwalawa kamar hannun wani.

Cikin shekara uku ya gina bene, ya sayi motoci biyu. 'Yan takara na layi a ƙofarsa. Matan kasuwa suka koma ce masa Pak Kasnadi, wato baba, kiran girma, ba mai tsokana kuma.

Mahaifiyarsa, Mbok Painem, ita aka fara da ita. Zai fita ya ce, "Mbok, kada ki ci komai, zan kawo miki tsiren akuya daga birni." Ta ce nggih, tana murmushi. Gangami ya riƙe shi kwana goma sha ɗaya. Matarsa Sumirah ta yi ta kai mata shinkafa baki, tsohuwa na kuka, haƙora a datse. Ya dawo da tsiren a leda ya tarar ana haƙa kabari.

Bayan jana'iza Sumirah ta tare shi a tsakar gida. "Wane irin abu ka kawo mana gidan nan?"

"Ki yi min shiru."

Ta buɗe baki za ta mayar masa, abin da ya fito shi ne nggih. Tun daga ranar ba ta ƙara magana ba, ko ihu, ko ran da tafasasshen mai ya zube mata a ƙafa.

'Yarsu Lasmi tana karatun jinya a birni. Ita kaɗai ce tun tana ƙarama take musu da shi. Ta dawo, ta dubi uwarta, ta tambayi tsofaffi, ta gane. Ta tsinko zogale a shinge ta dafa, ta ajiye masa a gaba.

"Pak, cokali ɗaya. Uwata ta samu bakinta, kai ka koma in'inarka. Da ita muka san ka, kuma ba mu taɓa jin kunyarka ba."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Jibi yana da gangami mafi girma a rayuwarsa.

"Bayan zaɓe," in ji shi.

"Yanzu, Pak."

"Fita ki ba ni wuri. Ki yi ta tafiya, kada ki tsaya."

Sumirah ta ruga ta toshe wa yarinyar baki da hannu. Amma mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu su amsa wa uba. Ta tsakanin yatsun uwarta kalmar ta fito.

A ranar ya tara ƙauye kaf da lasifika. Ban taɓa jin jawabi mai daɗi irin wannan ba. Ya ce a sare kowane zogale. Ya ce kada mu kawo masa, kada mu aiki wani, kada mu bar baƙo ya shigo da shi, ko da shi ya roƙe mu da bakinsa. Gwani ne, bai bar ƙofa ko ɗaya ba. Muka amsa. Ni na sare na gidanmu, wanda kakata ta shuka.

An tsinci Lasmi a titin bakin teku bayan mako biyu, tafin ƙafa ya tsiyaye, tana tafiya. Tana asibitin masu taɓin hankali yanzu, ɗaure a gado, ƙafafun na motsi. Ya je ya tsaya a kanta ya ce, "Tsaya, 'yata." Ta dube shi da hankalinta sarai, ƙafafun ba su daina ba. A hanyar dawowa akwai zogale a kowane gari. Ya ce wa direba saura zagaye na biyu na zaɓe.

A kan dandamali ya faɗi, jiki ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Harshen kaɗai ya rage. 'Yan takara suka nemi wani bakin, motoci suka tafi, benen ya fara tsagewa. Shekara shida ke nan. Masu irin allurarsa ba sa mutuwa sai ta fita.

Ku masu sha'awar bakin da ba a musa masa, ku ji ni. Wanda ya ce maka a'a shi ne ya rage maka a duniya. Kasnadi ya sayar da nasa a kan mota, maganin yana shingen gidansa, kwaɗayi ya ce masa gobe.

Kullum da safe nakan kai masa shinkafa, Sumirah ta ba shi a baki. Yana ganina sai ya fara, da muryar nan da ta karɓe gonar ubana. Ya kira sunana, ya tuna min yarintarmu, ya kawo hujja a kan hujja, ya ce ganye uku sun isa Lasmi ta tsaya. Duk gaskiya ne. Nakan saurare shi har ƙarshe.

Sai in ce, "Nggih, Kasnadi," in ɗauki kwanon jiya in tafi.