Ƙyallen da Ban Yanka Ba

Keken ya tashi da kansa!

Wallahi ƙafata ba ta kan fedar. Ina tsaye bakin taga da rana tsaka, sai ga keken ɗinkina na daje bakin yadi yana ta gudu, zarensa huɗu na saƙuwa a iska, wuƙarsa na sara ba yadi a ƙarƙashinta.

Na fizge wayar daga bango.

Bargon da nake haɗawa na Mai Agogo ne, wanda shagonsa ke kallon nawa. Shekara biyu da rasuwar matarsa ya kawo min rigunanta na sanyi, masu laushi kamar gashin mage.

"Ki yanka su, ki yi wa 'yata bargo. Ta riƙa jin ɗumin uwarta."

Daga tambayar aiki muka koma hira. Daga hira ya fara ce min Telata... ni kuma na daina iya haɗa ido da shi.

Da maganar aure ta taso, Umma ta ce sam.

"Ki shiga ɗakin da zuciyar mai shi ke kabari? Ba da yawuna ba."

Ƙanwar marigayiyar kuwa, wadda kowa ya san shi take so, da safen nan ta zo shagona, ta daɗe tana shafa keken.

"Yayata ta zo min a mafarki," ta ce a hankali. "Tana tambayar wadda ta sa wa kayanta almakashi."

Yanzu kuma ga keke ya tashi da kansa. Na tsallaka titi da gudu zuwa shagonsa, ko takalmi babu.

"Telata! Lafiya?"

"Ka zo ka kwashe kayanka... na fasa! Bargon da auren duka!"

Ya biyo ni, ya durƙusa, ya kwance fedar. Sai ga ɗan ƙarfen kama gashi an cusa a ciki.

"Na ƙanwar marigayiya ne," ya ce yana dariya. "Mutum ne ya tsorata ki, masoyiyata."

Na sauke ajiyar zuciya. Na warware bargon don ya ga inda na kai.

Nan dariyarsa ta ɗauke.

Ƙyalle talatin da biyar na yanka, saura kusurwa ɗaya da yadi bai isa ba. Yanzu kusurwar a cike take. Kore ne, an ɗinke shi da hannu, ɗinki ƙanana a karkace.

"Ban da kore a kayan da ka kawo," na ce.

"Na sani..." ya ce. "Da wannan rigar aka kai ta asibiti. Ba a dawo min da ita ba."

Sanyi ya ratsa ni har ƙashi.

"Korata take yi?" na tambaye shi.

Ya girgiza kai, hawaye na zuba.

"Ba ta taɓa sa hannu a aikin wanda ba ta so ba."

Da na ba Umma labari, ta daɗe tana juya kusurwar, sannan ta ce Allah ya sa alheri.

Ranar ɗaurin aure ƙanwar ta shigo fuska a murtuke. Idonta ya faɗa kan bargon. Ta taɓa koren, ta bi ɗinkin da yatsa, sai ta durƙusa a gabana.

"Hannun Yayata ne..."

Ta kama ƙafata tana kuka.

"Ki yafe min. Ƙarya na yi miki, ban taɓa mafarkinta ba. Ko sau ɗaya ba ta zo wurina ba."