Shaidar Furera a Kan Rijiyar Bayan Ganuwa

A shekarar da soja suka koma bariki, Furera mai tallan nono ta kai wa ƙanenta Isiyaku tuwo gidan yari. Ana tuhumarsa da sare abokinsa Lawal da lauje a bakin tsohuwar rijiyar da ke bayan ganuwa, wajen Ƙofar Kwaya. Lawal bai ko shura ba. Isiyaku kuwa ya rantse hannunsa ne ya tashi da kansa.

Da ta fito, sai lauyarsa, Hajiya Sadiyya, ta tare ta.

"Likita ya ce ƙanenki ba mahaukaci ba ne. Abin da ya rage mu nuna jikinsa ne ya aikata, ba da nufinsa ba. Ke kaɗai kika gani. Za ki faɗa gaban alƙali?"

"Dattawan ruga sun ce in yi shiru, kada in taɓo mai rijiya," in ji Furera. "Amma Hajiya, ba za a rataye shi ina da baki ba."

Da gangan ta bi ta rijiyar za ta gida. Rana ta faɗi. Kiran sallar magariba na tasowa daga cikin birni, sai ya yanke kamar an toshe mata kunne. Kwaɗi suka yi tsit. Wani wari ya taso, na jiƙaƙƙiyar toka da tsohon jini.

Guga na bugun bangon rijiyar. Ƙwal. Ƙwal. Ba kowa a wurin.

"Furera."

Muryar Lawal ce, can daga ƙasa.

"Lawal na kabari," ta ce a hankali. "Kai wane ne?"

"Koma ruga. Kama bakinki."

"Na ƙi."

Hannunta na dama ya yi sanyi ƙalau. Kwanon tuwon ya faɗi. Tana kallo yatsunta suka damƙi igiyar gugan, suka naɗa mata a wuya. Ba ita ta aike su ba.

Igiyar ta ja.

Ƙafafunta suka bi.

Bakin rijiyar ya iso ƙirjinta.

Ta kai wa hannun cizo har ta ji ƙashi. Jini ya cika mata baki. Ta yi ta'awizi da sauran numfashinta.

"Ashe haka ka yi wa Isiyaku! To wallahi sai na faɗa!"

Igiyar ta saki. Furera ta kwasa da gudu, ba takalmi, ba mayafi.

Ranar shari'a mai gabatar da ƙara ya yi murmushi. "Malama, kotu ba ta sammacin aljani."

"Ni ma ban zo da shi ba, ranka ya daɗe. Abin da na gani na zo da shi. Na ga ƙanena yana kuka, yana roƙon a riƙe mishi hannu, hannun na ta sara."

Ya yi ta juya ta da tambayoyi, ba ta sauya ko kalma ba. Daga ƙarshe alƙali ya ce bai gamsu Isiyaku ya yi nufin abin da jikinsa ya aikata ba. Aka sallame shi.

Isiyaku bai ƙara taɓa lauje ba. Furera kuwa, in za ta kwanta, sai ta ɗaure hannunta na dama a ƙugu da ɗankwali. Mutane sun daina bin hanyar rijiyar. Ita kaɗai ke bi, da ƙwaryar nononta a ka, ko sauri ba ta ƙarawa.