Bikon Nokuzola

"Sahibata... ke kika kawo su?"

Nokuzola ba ta ɗago ba. Tana tsaye a ƙofar garejin da mijinta Mzwandile ke aiki a garin Mdantsane na Afirka ta Kudu, 'yan sanda biyu a gabanta, yayanta Sakhumzi a bayanta.

Wata biyu ke nan da ta yi yaji, ta tafi da 'yarsu Iminathi. Danginta ba su taɓa son bakanike ba. Sakhumzi ne ya ja ta kotu, ya sa ta rantse cewa uban ne ya ƙona hannun yarinyar da dutsen guga. Alhali ita Nokuzola ce ta manta dutsen a ƙasa. Kotu ta ba da takarda: kada Mzwandile ya kusance su. Litinin da safe alƙali zai yanke wanda zai riƙe yarinyar.

"Ko unguwarsu ban taka ba!" in ji Mzwandile.

"Ka tura baffanninka jiya," in ji sajan ɗin cikin 'yan sandan, wata dattijuwa, tana duba agogo. "Har da akuya."

"Biko ne, Mama! Wa ke zuwa gidan surukai da bakinsa? Manya ake turawa!"

"Shafi na biyu na takardar kotu. Ba kai, ba ɗan aike. Ba ka karanta ba?"

Sakhumzi ya yi dariya. "Bakanike, akuyar dai ta yi daɗi. Mun gode."

Mzwandile ya juya ga sajan. "Yau Juma'a... In kuka rufe ni, sai Litinin. Litinin ake shari'ar 'yata!"

"Wata kotun za a kai ka." Sajan ta juyo wajen Nokuzola. "Ƙanwata, in gaisuwa tsofaffin suka zo yi, gargaɗi zan yi masa in wuce. In barazana suka yi miki, zan tafi da shi. Wanne ne?"

Jiya da tsofaffin suka zo, hula suka cire, suka kira ta 'yarmu. Amma in Mzwandile ya tsaya gaban alƙali ranar Litinin, maganar dutsen guga za ta taso, kuma wadda ta rantse kan ƙarya ba a ba ta riƙon ɗa.

"Farin cikina, dube ni," in ji Mzwandile. "Gaskiya kawai..."

Ta dube shi. Son nan yana nan, bai ragu ba.

"Barazana ce," ta ce wa sajan.

Bai yi gardama ba. Ya goge baƙin man hannunsa da tsumma, ya miƙa wa 'yan sandan hannuwan.

Sai da motar 'yan sandan ta sha kwana da shi kukan ya ƙwace mata.

"Adana hawayen nan," in ji Sakhumzi. "Litinin alƙali zai so ya gan su."