Ruwan Wanke Hannu a Shagon Nwanneka

Maijidda ta ƙanƙame ƙarfen keke napep ɗin kamar shi ya yi mata laifi.

"Ga shi can," in ji Sumaiya, tana nunawa da leɓe. "Ni dai ban ce komai ba. Gani ya kori ji."

A ƙetaren titi, tsakanin tela da mai gyaran waya, akwai wani ɗan shagon littattafai irin na Tudun Wada, wanda ɗaliban jami'a na Kongo ke zuwa neman na hannu. Jamaluddeen ne tsaye a bakin ƙofa. Jamaluddeen ɗinta, wanda aka riga aka sa musu rana, wanda ɗazun nan ya ce mata aiki ya riƙe shi a ofis. Ya naɗe hannun rigarsa. Mai shagon, wata doguwar mace 'yar Ibo mai wushirya, ta fito da buta da roba da sabulu, ta sunkuya tana zuba masa ruwa yana wanke hannu. Ta miƙa masa tawul. Ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya suna dariya, sannan ta ɗaga labulen ciki ya shige, ta bi bayansa.

"Ruwan wanke hannu..." Maijidda ta faɗa.

"Har da tawul," Sumaiya ta ƙara mata.

Duk macen da aka haifa a ƙasar nan ta san wa ake zuba wa ruwan wanke hannu. Miji ake zuba wa, in an ajiye masa tuwo. Ita Maijidda da ake shirin kai wa gidansa, ko ruwan sha ba ta taɓa ba shi hannu da hannu ba, sai dai ta dire tire a gabansa ta koma gefe.

Sumaiya 'yar gwaggon Jamaluddeen ce. Akwai lokacin da dangi suka so haɗa su, shi ya zame. Tun da aka sa rana kuwa ta manne wa Maijidda da "matar yaya" da "ƙawata", irin son da ya kamata mai hankali ya tsaya ya duba. Amma kishi in ya shiga ta ƙofa, hankali ta taga yake fita.

"Malam, ja mu tafi," ta ce da mai keken.

Bayan magariba ya kira ta.

"Jiddata, hasken idona, ya na ji muryarki wani iri?"

"Ina ka je da la'asar, Yaya Jamal?"

Ya yi ɗan jim. Jim ɗin nan shi ya ƙarasa ta.

"Na... na ɗan biya wani wuri ne."

"Ka ci abinci?"

"Ban ci ba tukuna. Me ya faru?"

"Ba komai. Sai da safe."

Ta kashe wayar ta faɗa jikin Umma tana kuka, ta zayyane mata komai, har da launin tawul. Umma ba ta iya riƙe magana mai zafi ba. Kafin a kira isha'i zancen ya isa zaure wurin Baba Malam Mahmudu, tsohon malamin sakandare, mutumin da ba ya maimaita hukunci.

"Ya zo ya same ni ran Juma'a bayan masallaci," abin da ya ce ke nan. "In haka ne, a mayar musu da kayansu."

Sai a lokacin Maijidda ta gane girman abin da ta jawo. Tana fushi da shi, gaskiya ne, amma tana son sa kamar ranta, kuma ba ta taɓa zaton kukanta zai yi wannan gudun ba.

Washegari ta zura hijabi ta tafi shagon ita kaɗai.

"Sannu da zuwa, 'yar'uwa. Na makaranta ko na labari?" Hausa tar a bakin mai shagon. Nwanneka sunanta, kuma a Tudun Wada aka yanke mata cibiya.

"Ciki nake son shiga."

Nwanneka ta dube ta sama da ƙasa, ta ɗaga kafaɗa, ta jawo buta.

"Miƙo hannu."

"Ban zo cin abincinki ba."

"Wane abinci?" Ta tuntsire da dariya. "Ko ruwan leda ba a shiga da shi can. Hannun da ya taɓa ƙosai ba ya taɓa min takardun babana. Ko farfesa ne sai ya wanke."

Maijidda ta miƙa hannu, fuskarta na zafi. Ga robar jiya, ga tawul ɗin jiya.

Bayan labulen babu tuwo, babu tabarma. Ɗan ɗaki ne da benci ɗaya, da fanka, da kabad na gilashi cike da littattafan zane na Turanci, kowanne cikin ledarsa. Marigayi Onuora, mahaifin Nwanneka, shi ya tara su tun zamanin da yake sayar wa malaman jami'a littattafai.

Kunya ta kama Maijidda, amma zargi ba ya mutuwa da bugu ɗaya.

"Mutumin da ya shigo jiya da la'asar... me yake zuwa yi?"

"Au, mai farin gilashi? Wannan yake zuwa gani."

Ta zaro wani littafi mai kauri, ta ɗora mata a cinya a hankali kamar jariri. A bango an zana wani mutum da alkyabba ruwan toka, ya tallafe gadar da ke ruftawa da kafaɗarsa.

"Bugun farko ne, ya girme ki," in ji Nwanneka. "Na jabun da ake kawowa yanzu, baƙinsu kamar toka yake. Dubi wannan baƙin. Shinshina takardar ma ki ji."

Maijidda ta buɗe ne da niyyar raina shi. Ai littafin yara ne, na jarumai masu tashi sama da wando matsattse. Sai shafi ya ja shafi. Jarumin nan duk abin da zai faɗo yana iya tare shi, gini ne ko jirgi, amma duk wanda ya ceta, nan take sai mutumin ya manta da shi. Ba godiya, ba sannu. Ta iso wani shafi da babu kalma ko ɗaya. Matarsa ce ke faɗowa daga bene. An zana fuskarsa a ƙananan akwatuna jere, kowanne ya fi na baya matsowa, har ya rage idonsa kaɗai. Ya san in ya tare ta, ya rasa ta. A shafi na gaba ga ta tsaye lafiya lau, tana gyara gashinta, tana kallon sa kallon baƙo.

Ba ta san hawaye ya zubo ba sai da Nwanneka ta yi wuf ta janye littafin.

"Yi kukanki, amma ba a kan takarda ba."

"Zan saya."

"An riƙe shi. Mai farin gilashin nan ne. Kullum sai ya zo ya karanta kaɗan ya mayar. Ya ce ba zai ɗauka ba sai wata ta yarda."

Maijidda ta ɗago da sauri.

"Wata? Wace ce?"

"Bai faɗi suna ba. Ya dai ce in ta ce a'a, shi da littafin sai kallo."

To ita dai bai taɓa yi mata zancen littafin zane ba. Wa ta sani mai son irin waɗannan abubuwa? Sumaiya, wadda kullum wayarta na kan finafinan jarumai. Kuma yaya aka yi Sumaiya ta san shagon, har ta san lokacin zuwansa? Kenan gidan auren ma tare za su zauna...

"Madam, a kawo buta," aka ce daga waje.

Muryar Jamaluddeen ce. Ta ji zubar ruwan, ta ji takunsa. Ya ɗaga labule ya tsaya cak.

"Jidda?"

"Wace ce za ta yarda?" Ta miƙe, idonta jawur. "Faɗa min yau. Sumaiya ce?"

"Sumaiya kuma?"

"Ka ce min kana ofis. Na tambaye ka, ka ce wani wuri. Yanzu kuma an ce akwai wadda kake jira."

Ya cire gilashinsa ya zauna a bakin bencin, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ke ce, Jidda."

"Kar ka raina min hankali."

"Wallahi ke ce. Ina yaro Alhaji, mahaifina, ya tara irin waɗannan da nake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa ya cinna musu wuta, ya ce ba a ajiye masa hotuna a gida. Tun ranar ban sake shiga da ko ɗaya ba. Na ce sai na yi gidana." Ya juya gilashin a hannunsa. "To gida nawa ne, amma ɗaki naki ne. Danginki za su zo jere, su sa komai inda suka ga dama. Ke kuma 'yar Malam ce. Ta ina zan fara? In ce amarya, ga ƙato da gemu yana son littafin zane, a ba shi wuri kusa da tangaran ɗinki?"

"Shi ne ka zaɓi ƙarya?"

"Kunya na ji, rabin raina. Na ji tsoron in faɗi a idonki."

"Sumaiya fa?"

"Ta taɓa rako ni nan. Ita ma sai da ta wanke hannu."

Nwanneka, da ke bakin labule tana ji, ta ce, "Mai jan lalle? Ta wanke mana. Har ta ce sabuluna na ƙamshi."

Maijidda ta koma ta zauna. Ashe da saninta ta kai ta ta tsayar a ƙetaren titi, inda ido zai ga buta amma ba zai ga kabad ba.

"Yaya Jamal... na yi ɓarna. Baba na neman ka ran Juma'a. Ya ce in gaskiya ne a mayar da kaya."

Ya dubi littafin.

"In na ce ba neman mata nake ba, zai ce to me nake yi a bayan labule. In na nuna masa wannan..."

"Zai iya cewa ba zai ba mai tara hotuna 'yarsa ba. Na sani."

"Zan nuna masa. Na gaji da ɓoyo."

Ta share fuska da gefen hijabi ta juya wurin Nwanneka.

"Madam, wadda ake jira ta yarda. Kuma ni zan saya. In faɗa za a yi, a yi a kan kayana."

Ta taya, Nwanneka ta ce albarka. Ta ƙara, aka sake cewa albarka. Jamaluddeen ya buɗe baki, ta harare shi ya rufe. Sai da ta haɗa da abin da ta ware na gyaran jiki sannan Nwanneka ta sallama, tana mayar da littafin cikin leda tana jan kunne: ban da rana, ban da ɗanshi, ban da aro.

Ran Juma'a Jamaluddeen ya durƙusa a zaure, littafin na gabansa. Maijidda da Umma na maƙale a bayan ƙofa. Ya faɗi komai, bai rage ba, har ƙaryar ofis.

Baba Malam ya sa tabarau ya buɗe. Shafi ɗaya, biyu, goma.

"Maijidda," ya kira, bai ɗago ba. "Na san kina nan. Shigo."

Ta shigo ta rakuɓe.

"Maganar hoto, malamai sun yi ta da tsawo, kuma ban ce na gama da ita ba. Amma zato, Allah da kansa Ya ce sashensa zunubi ne. Ƙarya kuma ba ta da ƙarama, Jamaluddeen. Kowannenku ya nemi gafarar ɗan'uwansa." Ya rufe littafin ya tura shi ƙarƙashin buzunsa. "Rana na nan yadda aka sa. Wannan kuma ya zauna a wurina sai na bincika."

A tsakar gida Maijidda ta rungume Umma tana kuka da dariya lokaci ɗaya.

Sumaiya ta zo biki da ankonta, ta yi rawa fiye da kowa. Maijidda ta gaishe ta da fara'a, ta kuma daina ba ta labarin komai daga ranar.

Littafi dai shiru. Aka yi jere babu shi. Jamaluddeen bai tambaya ba, ya riga ya sallama a ransa cewa surukinsa ya yi masa irin ta Alhaji.

Ranar kai amarya aka shigar da Maijidda wurin Baba don sallama, lulluɓe, tana shessheƙa. Ya yi mata nasihar da ake yi, haƙuri da biyayya da riƙon salla. Da gwaggonni suka kama ta za su ɗaga, ya ce su dakata. Ya jawo wani abu naɗe cikin farin rawaninsa ya ɗora mata a hannu. Ta ji kaurin, ta gane.

"Na karanta har ƙarshe," ya ce ƙasa-ƙasa, yadda ita kaɗai za ta ji. "Mutumin nan ya ba ni tausayi. Ya tare matarsa yana sane za ta wuce shi kamar ba ta san shi ba." Ya yi gyaran murya. "Mu ma iyayen 'ya mace haka muke, Maijidda. Mu raina, mu miƙa. Ke dai ki riƙa leƙo mu."

Ta saki kuka mai sauti ta kifa kanta a gwiwarsa.

"Ba zan manta ka ba, Baba."

"Na sani. Tashi, mijinki na jira." Ya kawar da fuskarsa wajen bango. "Ki ɗaga littafin sama, kar hawayenki ya jiƙa masa."