Takardar Kakanni Goma Sha Shida

Tun hantsin Juma'a Muhsinat ke kai-kawo tsakanin kicin da falo a gidan yayanta Sabo da ke unguwar Al Nahda a Dubai. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta haɗa miyar taushe, ta turare labule da turaren wuta har sau biyu. Yau Alhaji Dikko, baffan saurayinta Izzuddeen, zai zo ganinta. Shi ne babba a gidansu tun rasuwar mahaifin Izzuddeen, kuma in ya ce a'a, to magana ta mutu.

Komai ta gyara, amma ta manta da abu ɗaya. A bangon falo akwai wata ƙatuwar takarda da ta liƙa watanni shida da suka wuce saboda binciken digirinta na biyu a fannin tarihi. Idonta ya saba da ita har ya daina ganinta.

Bayan sallar Juma'a Alhaji da Izzuddeen suka shigo. Ta durƙusa har ƙasa.

"Sannunku da zuwa, Baffa. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Allah ya yi albarka."

Izzuddeen ya saki ajiyar zuciya. Sabo ya jawo tire, Alhaji ya wanke hannu, ya kai loma ta farko kusa da baki, sai idonsa ya sauka a bango. Hannun ya tsaya cak.

A takardar an zana bishiyar zuri'a mai rassa, kowane reshe da tambarinsa, can ƙasa kuma ga wani Bature da doguwar hula da sanda, ga gicciye ɓaro-ɓaro a ƙirjinsa.

"Izzuddeen, mene ne wancan?"

"Baffa, karatunta ne, risac take yi a kan..."

"Kuros ne ko ba kuros ba ne?"

"Kuros ne, amma..."

"Khalas, ya isa!" Ya mayar da lomar cikin kwano, ya miƙe. "Kakanka liman, ubanka liman, ni kuma ka kawo ni in ci tuwo a ƙarƙashin kuros? Wallahi ba da ni ba! Jirgina ranar Litinin ne, kuma tare za mu tafi. Rawanin ubanka yana jiranka."

Ya fice ko takalmi bai gama sakawa ba. Muhsinat ta bi tuwon da kallo, sai hawaye shar.

Da la'asar Izzuddeen ya kira ta, muryarsa a dashe. A nan ta ji sauran zancen. Limancin masallacin Juma'ar unguwarsu a Kano ya shekara fiye da ɗari a gidansu, kuma Alhaji ya rantse ba zai fita daga gidan ba yana raye.

"Ni fa harhaɗa magunguna na karanta, Muhsinat! Ko huɗuba ɗaya ban taɓa yi ba. Ga Malam Shu'aibu nan, shekara ashirin yana na'ibin Abba, shi ya ja sallah duk tsawon jinyarsa. Wai don babansa mahauci ne ba za a ba shi ba."

"To ka faɗa wa Baffa mana."

"Na faɗa. Ya ce ke kika juya min kai. Ya ce in zaɓa, ko ke ko su."

Tana son sa, son da ba ta iya ɓoyewa ko a gaban yayanta, amma ba ta son a ce ta dalilinta ya rabu da danginsa.

"Kar ka ɗaga masa murya, don Allah," ta ce. "Ko me ya ce, ka ce to."

Kwana biyu ba ta iya cin abin kirki ba. Sabo, wanda zuciyarsa ke kusa, ya ce ta yaga takardar ta huta, ko kuma shi ya je ya gaya wa tsohon nan cewa su ma ba daga sama suka faɗo ba. Ta roƙe shi ya bari. Ranar Lahadi da safe ta ɓamɓare takardar a hankali, ta naɗe, ta ce, "Yaya, raka ni kasuwar Deira wurin Baffa."

Sun sami Alhaji a ofishin kago na masu jigilar kaya, zaune a kan dilar atamfa yana duba kayan da za a loda masa a kwantena, Izzuddeen na tsaye gefe kamar wanda aka yi wa mutuwa. Da Alhaji ya hango naɗin takardar sai ya haɗe rai.

"Har nan kika biyo ni da shi?"

Ta durƙusa a kan simintin.

"Baffa, ban zo musu ba. Ku ba ni minti biyar. In kun ji kuka ce in ƙona ta, a gabanku zan ƙona."

Ta shimfiɗa takardar.

"Wannan takardar asali ce ta mutanen Jamus, ta wajen shekara ɗari biyar da suka wuce. A lokacin, bishop, wato babban limamin cocinsu, ba sallarsu kawai yake ja ba. Yana da gari, da gonaki, da haraji, wani har da sojoji. Shi ya sa gidajen sarauta suka sa wa kujerar ido. Babban ɗa ya gaji gida, ƙaramin a tura shi coci."

Alhaji Dikko mutum ne da in ana zancen asali ko abinci mantawa yake yi. Bai san lokacin da ya sunkuyo ba.

"Waɗannan rassan fa?"

"Kakanninsa ne. Kafin a ba mutum kujera a majalisar da ke zaɓen bishop, sai ya kawo shaidar cewa kakanninsa duk 'yan sarauta ne. Wani wurin huɗu, wani takwas, wani har goma sha shida. In ɗaya ya fito daga gidan talaka, an rufe ƙofa."

"To ai sun san abin da suke yi," in ji Alhaji, yana gyaɗa kai. "Ɗan bishop ɗin ne ke gadonsa ke nan?"

"Ba sa aure, Baffa. Sai dai baffa ya share wa ɗan ɗan'uwansa hanya. Wani tun yana yaro ake kama masa kujera, ko karatun bai yi nisa ba."

Izzuddeen ya sunkuyar da kai. Sabo ya yi tari. Alhaji ya ɗan gyara zama a kan dilar.

"In bai iya ba, wa ke yin aikin?"

Ta san inda amsar za ta sauka, kuma ta ji tsoro ƙwarai. Ta yi ƙasa da murya.

"Akan samo wani masani da ba shi da kakannin, ya riƙa yi a madadinsa. Shi da wahala, wancan da hula."

"Shekara nawa yake yi a haka?"

"Wani har ya mutu, Baffa."

Alhaji ya daɗe yana kallon Baturen nan mai doguwar hula. Muhsinat ta gama sallamawa cewa ta rasa Izzuddeen, hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

"Wa ya ce ki gaya min wannan? Shi?"

"Wallahi bai san zan zo ba. Ku kuka tambaya, ni kuma ba zan yi muku ƙarya ba."

Ya cire hula ya shafa kai.

"Shekara uku ina sallah a bayan Shu'aibu," ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana. "Ko wasali ɗaya ban taɓa jin ya karya ba. Na ga kuros a bango na gudu, ashe abin da na zo yi Dubai shi ne a zane a jikin takardar."

Ya juya ga Izzuddeen. "Kai, da gaske ba za ka iya huɗuba ba?"

"Baffa, ko a gaban mutum goma rawa nake yi."

"Kaico! Da na kunyata gidanmu da hannuna." Ya zaro waya ya miƙa masa. "Nemo min lambar Malam Shu'aibu. Yalla, yi sauri kafin shaiɗan ya dawo!"

Sannan ya dubi Sabo. "Malam Sabo, wa ke ba da auren yarinyar nan a gida? A ba ni sunansa da unguwarsu. Ban ce a kawo min kakanni goma sha shida ba, ɗaya ya isa."

Sabo ya fashe da dariya, Muhsinat ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana murmushi.

"Ke kuma 'yata, naɗe takardarki ki adana, ki gama karatunki. Amma ina bin ki tuwo. Na bar loma a kwano ranar Juma'a, kuma tun daga ranar take cikin raina."

Bayan Babbar Sallah aka naɗa Malam Shu'aibu liman, kuma shi ya ɗaura auren Izzuddeen da Muhsinat, Alhaji Dikko na sahun gaba yana ta share ido da bakin babbar riga.

Da Muhsinat ta biye wa zuciya ta mayar wa tsoho da baƙar magana, da ta rasa miji, masallaci kuma ya rasa limamin da ya dace da shi. Haƙuri da ladabi ne suka sa aka saurari gaskiyarta. Shugabancin addini kuwa amana ce da ake ba wanda ya san aikin, ko ɗan gidan wane ne.