Warin Kafur a Akwatin Gwaggo Emilia

Wata Alhamis da yamma, cikin daminar 1976, Malama Beatrice ta fita sayen gawayi. Ba don girki ba. Don wari ne.

Mako uku ke nan da aka kawo akwatin ƙarfen Gwaggo Emilia gidansu a Kafanchan. Emilia gwaggon mijinta Obadiah ce, tela ce a Kachia, ta rasu ba ta bar ɗa ba. Da aka zo rabon kayanta, dangi suka ce akwatin ya dace da Beatrice, tunda ita ce mai goyo. Cike yake da kayan jarirai, riguna da huluna da safa, duk ɗinkin hannu, ba a taɓa sa ko ɗaya ba. A tsakanin kowane ninki akwai ƙwayar kafur, farin nan da ake sawa don kada asu ya ci tufafi.

Beatrice ta tsince kafur ɗin ta zuba a masai. Ta wanke kayan, ta ɗauraye da ruwan lemun tsami, ta riƙa shanyawa duk lokacin da rana ta leƙo. Ta goge cikin akwatin da toka, ta bar shi a buɗe a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Ta turara ɗaki da ɓawon lemu da busasshiyar citta. Da rana warin yakan ja baya. Inuwa na yin tsawo sai ya dawo, ya shiga tuwo, ya shiga ruwan randa. Jaririyarta Edna, 'yar wata huɗu, ta fara tari, ta rage kama nono.

Ranar nan Obadiah yana Kachia wajen kwas ɗin malamai. Edna ta samu barci da ƙyar, Beatrice ba ta so ta tashe ta. Ta roƙi maƙwabciyarta Caroline, wadda ke gyaran wake a bakin ƙofarta, ta riƙa kasa kunne. Ai tafiyar ba nisa, tsallaken layin dogo ne kawai.

Asibi, tsohuwar da ke sayar da gawayin, ta cika mata kwano, ta ce ta daddaka shi, ta raba a kusurwoyin ɗaki da ƙarƙashin gado, gawayi na shanye wari. Tana miƙo kwanon sai ta tsaya. Ta kama bakin zanen Beatrice ta shinshina.

"Wa ke zuba sabon kafur?"

Beatrice ta ce ba kowa, ita da hannunta ta zubar da shi duka.

"Malama, kafur yana ƙarewa in ya sha iska. Wanda bai ƙare ba, ana ƙara shi ne." Tsohuwar ta dubi bayanta, ta ga ba goyo. Muryarta ta yi ƙasa. "Ina yarinya?"

"Tana barci a gida."

"Tafi. Yanzu."

A mahaɗar layin ta tarar da jirgin kaya yana wucewa a hankali. Tarago bayan tarago, ƙarfe na kuka a kan ƙarfe. Hadari ya rufe duwatsun Kagoro, haske na raguwa. Ta tsaya da kwano a ka, ƙafafunta sun ƙi zama wuri ɗaya. Taragon ƙarshe na giftawa ta tsallake.

Tun daga gindin mangwaron bakin unguwa warin ya tare ta. Bai taɓa fitowa waje ba.

Caroline na nan inda ta bar ta. Ta ce ba wanda ya shiga, yarinya kuma ko motsi ba ta yi ba. Beatrice ta tura ƙofar gidanta. Igiyar shanya wayam. Ita kuwa cike ta bar ta da kayan jariran. Ta dubi ƙarƙashin rumfa. Babu akwatin. Sai layi biyu a jiƙaƙƙiyar ƙasa, inda aka ja shi har bakin ɗaki.

Ta ɗaga labule.

Ɗakin da duhu-duhu. Sanyi kamar cikin rijiya. Warin ya soki idanunta har suka kawo ruwa. Gado ba kowa, sai ɗan lotsawar da jikin yarinyar ya bari a kan zane.

Sai ta ji ƙara. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Kamar ana sakin ƙananan duwatsu a kan kwano.

Wani kuma na rera waƙar coci ta hanci, can ƙasa-ƙasa.

A bayan gado, mace ce durƙushe gaban akwatin, ta ba ta baya. Ɗankwalin zumuntar matan coci a kanta, tef ɗin awo rataye a wuya. Ta ninke kayan duka, ta jera su tsaf. A samansu Edna ce kwance, an sa mata farar riga mai maɓallai da hula. Idanunta a buɗe. Ba ta kuka. Ba ta tari.

Matar na ɗauko ƙwayoyin kafur daga bakin zanenta, tana jerawa. Ɗaya a gefen kunne. Ɗaya a cikin tafin hannu, ta naɗe 'yan yatsun a kai. Hannuwanta farare fat, kamar an tsoma su a gari.

"Gwaggo?" Muryar Beatrice ta fito kamar ba tata ba.

Waƙar ta tsaya. Matar ba ta juyo ba.

"Yi a hankali, 'yata. Kada ki tashe ta."

"Ba ni ita, Gwaggo."

"Nawa uku na sa a ƙasa, ƙwari suka cinye min su." Farin hannun ya hau kan murfin. "Wannan zan adana ta da kyau."

Murfin ya fara sauka.

Beatrice ta saki kwanon. Gawayi ya watse. Ta faɗa kan akwatin ta cusa hannunta ciki, bakin ƙarfen ya datse mata damtse. Ta kira sunan Yesu. Ta lalubo kafaɗar yarinyar ta ja.

Rigar ta ƙi zuwa. An riƙe gefenta.

Wani numfashi mai sanyi ya sauka a kumatunta. Ba ta duba ba. Ta sa kafaɗa ta tokare murfin, ta fizge maɓallan da ɗaya hannun, ta zare Edna daga cikin rigar tsirara.

Ta yi waje.

A bayanta murfin ya rufe a hankali, ba bugu. Sai ta ji an tura sakatarsa.

A ɗakin Caroline suka kwana. Da aka buɗe 'yan yatsun Edna, kafur ɗin na nan, sabo, bai ko fara narkewa ba.

Washegari Obadiah ya dawo. Ya ga shatin ƙarfe a damtsen matarsa, bai yi gardama ba. Ya ce tun yana yaro yake jin manya na faɗin cewa gwaggonsa ta haihu sau uku, babu wanda ya kai ranar suna. Fasto ya zo ya yi addu'a. Ba wanda ya buɗe akwatin. Mutum biyu ne suka shigo da shi gidan, amma sai da huɗu suka taru kafin ya ɗagu. A motar ɗaukar citta aka kai shi Kachia, aka haƙa rami kusa da kabarin Emilia aka binne. Daga ranar Beatrice ba ta sake ajiye wani abu mai murfi a ɗakin kwananta ba. A kan igiya take rataye tufafinsu, ko na Kirsimeti.

Edna kuwa ta kama nono, tarin ya tafi, amma ba ta fitar da sauti. Kwana ɗaya, kwana biyu, sai dai ta zuba wa rufin ɗaki ido. A asibiti aka duba, aka ce ba a ga komai ba.

Ranar Lahadi da safe, Beatrice na yi mata wanka, ruwa ya shiga mata hanci. Yarinyar ta yamutsa fuska, ta ja numfashi, ta tsala kuka har Caroline ta jiyo ta katanga. Obadiah ya miƙo hannu zai karɓe ta ya lallasa.

"Bar ta," in ji Beatrice. "Bar ta ta yi."