Saiwar Gashi

Tana zaune a bakin gado tana taje wa mijinta kai, yadda take yi wa kwastomomi a shagonta na gyaran gashi, sai hannunta ya tsaya cak. Saiwar gashin baƙa ce wuluk!

Wata biyar ke nan da likita ya ce kansar ƙodarsa ta bazu har huhu, ta wuce tiyata. Ya ba su zaɓi, ko ƙarin ruwa mai zaburar da garkuwar jiki, ko ƙwayar da ke toshe wa ciwon hanyar jini. Suka ɗauki ƙwayar. Ya kuma faɗa musu cewa muddin ana shan ta, gashi zai riƙa fitowa fari fat.

Ta miƙe ta nufi falo wurin yayarsa, wadda ta tare a gidan wai don ba shi magani idan ita tana shago.

"Yaya, ina ƙwayoyinsa?"

"Na zuba a masai," in ji ta, ko a jikinta. "Bitamin nake ba shi. Haba! Ƙanina ya zama kamar kakana, mutane na tambayata ko ni ce ƙarama. Ai abin kunya ne!"

Tir! Ran mutum ɗungurungum, a sayar da shi don tsoron bakin mutane!

Matar ta koma ɗaki. Mijin ya sunkuyar da kai.

"Da sanina aka yi," ya ce a hankali. "Yaya ta ce ƙyamata kike ji saboda farin gashin nan, shi ya sa kike daɗewa a shago."

Hawaye suka ɓalle mata. "Ni? Ni da nake wanke maka amai, nake shafa maka mai a tafin ƙafa idan ya tsattsage? Wallahi ka cuce ni da ka yarda!"

Ba ta zagi Yaya ba, jakarta kawai ta haɗa ta ajiye mata a bakin ƙofa. A ranar ta kai mijin asibiti. Hoto ya nuna ciwon ya ɗan ƙaru, likita ya yi faɗa, ya mayar da shi kan magani. Bayan wata uku sabon hoto ya nuna ya tsaya.

Jama'a, a kula: duk wanda ya fi damuwa da kamanninka a kan numfashinka, kansa yake so, ko da ciki ɗaya kuka fito.